Zuma ce ko ba zuma ba ce?

Mai Rumfa: Jama'a, na gaji! Zuma ta cinye mini katakon rumfa. Huda 7 na ƙirga, kowace zagaye tas kamar da inji aka yi ta, ga garin katako a ƙasa kullum da safe. Gobe sai na feshe su kaf.

Mai Amya: Malam, janye kalmar zuma tukuna. Na tsufa ina kafa amya, ban taɓa ganin zuma ta huda itace ba. Kogo take samu ta shiga, ta gina saƙarta da kaki.

Hajiya Babba: Gara ce, ɗana.

Mai Rumfa: Hajiya, gara tana ƙugi? Baƙi ne, ƙato, bayansa sai sheƙi. Ɗaya har tsayawa ya yi a gaban fuskata kamar zai mare ni.

Auta: Buzuzu ke nan, an gama.

Malamar Kimiyya: Buzuzu kashin dabbobi yake mirginawa, gara kuwa cin katakon take yi daga ciki. Wannan dangin ƙudan zuma ne, ana ce masa Xylocopa, nau'insa kusan 500. Ba cin katakon yake ba, shi ya sa garin ke zubowa. Macen ce ke haƙa gida. In ta shiga kaɗan sai ta karkata ta bi tsawon katakon, ta raba ramin ɗaki-ɗaki, kowanne ta sa ƙwai ɗaya a kan curin garin fure. Wanda ya tare maka fuska namiji ne, ba shi da ƙari, burga ce kawai.

Mai Amya: Malama, tambaya ɗaya. Ana ɗibar zuma a raminsa?

Malamar Kimiyya: A'a, Baba. Ba ya ma zaman taro irin na amya.

Mai Amya: To wace irin zuma ce babu zuma? Kar a ɓata mana suna, gobe wani ya ga ta gaske ya feshe ta.

Malamar Kimiyya: Ai dangi na ce. Turawa ma ƙudan zuma kafinta suke kiransa.

Kafinta: Kafinta kuma? Mu gyara muke yi, ba ɓarna ba. A nemo masa wani sunan.

Mai Rumfa: Kai da ka yi shiru ma. Wa ya buga mini katakon nan ba fenti?

Kafinta: Yallaɓai, sau nawa na ce a sayo fenti ka ce sai ƙarshen wata? Wata nawa ya ƙare tun daga nan?

Auta: Tonon asiri ya zo!

Hajiya Babba: Auta, manya na magana. Ni dai har yanzu gara na ce.

Malamar Kimiyya: Maganar fentin nan ita ce maganin, ya fi son busasshen katako marar fenti. A bari sai an tabbata ramin babu kowa, a toshe da guntun katako, a shafe. In an bar shi a buɗe, wasu za su dawo su ƙara masa tsawo.

Kafinta: Kun ji ko? Ashe ni ke da gaskiya.

Mai Rumfa: Ba da kai take ba.

Ƙanin Mai Amya: Bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. An tabbatar ba zuma ba ce, kamar yadda Yaya ya faɗa tun farko, Malama ma da bakinta ta amsa cewa babu zuma a ramin. Sauran rigimar ta Mai Rumfa ce da kafintansa, su je su ƙarata.