Muhawara: Arhar sola kaɗai za ta kori kwal?

Malamin tattalin arziki: Ina nan kan bakata. Daga 2010 zuwa 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Mai zuba jari arha yake bi, don haka kwal zai mutu da kansa.

Injiniya: Malam, faifan ba shi ne matsalar ba, waya ce. A ƙarshen 2023 ayyukan wutar lantarki da ke jiran a jona su da babban layi a Amurka sun haura gigawat 2,000. Babbar taransifoma kuwa sai a yi oda a jira shekara biyu ko fiye. Ga kuma daidaita wutar: layin da wutarsa ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa ya saba dogara da nauyin manyan injinan da ke juyawa a tashoshin wuta irin na kwal, su ke tare shi idan wata tasha ta faɗi. Inbatar sola ta gama-gari bin layin kawai take yi. Sai an sa mai iya riƙe layin da kanta, a haɗa da batir.

Malamin tattalin arziki: Ai an yi. Batirin Hornsdale a kudancin Ostireliya, da ya fara da megawat 100, tun 2017 yake taimakawa wajen daidaita wutar layi, kuma yana amsawa kafin ƙiftawar ido.

Injiniya: Gaskiya ne. Amma yawancin irin waɗannan batura awa 2 zuwa 4 suke ɗauka. Mako guda na hunturu ba rana ba iska fa?

Malamar tsare-tsare: Ku biyun kun bar mutane a baya, abin da ke damuna ke nan. Layin SuedLink na Jamus, kilomita kusan 700, an so ya fara kai wutar iska daga arewa zuwa kudu a 2022. Mazauna hanyar suka ƙi turakun ƙarfe, a 2015 aka koma binne waya a ƙasa, kuɗi ya ƙaru, lokaci ya tafi. A Faransa ƙarin harajin mai ne ya fito da masu zanga-zanga sanye da rigar ɗorawa kan titi a 2018, gwamnati ta janye shi.

Malamin tattalin arziki: Jinkiri ne, Hajiya, ba tsayawa ba.

Malamar tsare-tsare: Jinkirin nan hayaƙi ne da ke ci gaba da tashi, Malam. Jamus sai da ta ware euro biliyan 40 ga yankunan kwal kafin ta tsayar da 2038 don rufe tashoshin. Wannan kuɗin a wane shafi na lissafinka yake?