Daskarar da Bakin Mahaifa: Waɗanda Aka Yi Wa Aikin Su Ba Mu Labari

Maman Yara, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An duba bakin mahaifata da ruwan khal, wani wuri ya yi fari, likita ta ce ba sankara ba ce, amma sauyi ne da zai iya rikiɗewa ya zama ita idan aka ƙyale shi, saboda haka za a kashe wurin da sanyi. Ina roƙon waɗanda aka yi musu aikin su faɗi abin da suka gani.

Hajiyar Maraɗi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ni ko allurar kashe zafi ba a yi mini ba, kuma a ranar na koma gida. Na ji ciwon mara irin na al'ada lokacin da ake aikin. Abin da ya dame ni ya zo ne daga baya, wato ruwa mai yawa da ya riƙa zubo mini har makonni, kuma da ba a gargaɗe ni ba, da na zaci wata cuta ce ta same ni.

Ungozoma: Hajiya ta faɗi gaskiya, ruwan nan mataccen naman ne yake narkewa yana fita. Mukan ɗora kan wani ƙarfe a wurin, mu saki iskar gas daga tukunya ta sanyaya ƙarfen ƙwarai, sai ruwan da ke cikin ƙwayoyin halitta ya zama ƙanƙara ya farfasa su, ƙananan jijiyoyin jini kuma su toshe. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi shi ne daskarewa ta minti 3, a bari ya narke na minti 5, sannan a sake minti 3, domin zagaye na biyu yakan kashe abin da na farko ya bari. A ƙaurace wa saduwa har mako 4, kuma a ganina gara a yi wa maigida wannan bayani a gaban ma'aikaciyar lafiya. Zazzaɓi, ruwa mai wari ko jini mai yawa kuwa dalili ne na komawa asibiti nan take.

Anti daga Kumasi: Ni an duba ni, aka ce sanyi ba zai wadatar ba, domin sauyin ya shige cikin ƙofar mahaifa inda ƙarfen ba ya kaiwa, sai aka yanke wurin da siririyar waya mai lantarki. Maman Yara, kowanne aka yi miki, kada ki fasa komawa gwaji bayan shekara.