Wai zanen da ba a gane komai a ciki shi ma zane ne? Ku taya ni

Ɗan_Tudun_Wada:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin zane ku raba mana gardama, tun jiya muke abu ɗaya a gida. Ƙanwata tana karatun zane a Zariya, ta zo hutu da wani ƙaton zane da ta yi, tsayinsa ya kusa ƙofar ɗaki, aka jingina shi a tsakar gida kowa ya taru. Ba mutum ba gida ba dabba, shuɗi ne kawai kamar an tsoma a marina, sai wasu layuka kamar jerin bulo kowanne da ɗigo a cikinsa, sai wani jan layi da ya ratsa tsakiya yana hawa yana sauka. Baba ya daɗe yana kallo da hannu a baya, can sai ya ce "to Auta, yaushe za a fara zanen?" Gida ya ɗauki dariya, ita ko ta shige ɗaki ko tuwon dare ba ta ci ba. Wai bulon nan fatar albasa ce yadda ta gan ta a maikuroskof, madubin nan na duba ƙananan abubuwa, jan layin kuma kiɗan kalangu ne. Ni dai na tare mata faɗa a gaban mutane amma tsakani da Allah ni ma ban gane ba, kuma kuɗin fentin daga aljihuna ya fita. Da gaske akwai masu yin irin wannan a duniya, ko rashin iya zana fuska ne ake rufewa da dogon turanci?

Bazazzage77:
Hhhh Baba ya gama da ita wlh. Amma malam akwai su, kuma ba yau aka fara ba. Akwai wani ɗan Rasha Kandinsky, lauya ya karanta, sai da ya kai shekara 30 ya ajiye ya kama zane. A Janairun 1911 ya je kallon kiɗan wani Schoenberg a birnin Munich na Jamus, yana dawowa ya yi zane a kai, rawaya ce ta malale kusan rabin kyallen sai wani baƙin abu a sama wanda shi ne fiyano, mutanen da ke sauraro kuwa da kyar za ka gane mutane ne. Shi tunaninsa tunda kiɗa yana taɓa zuciya ba tare da ya yi kama da komai ba, me zai hana launi ya yi haka. Kai da kanka in makaɗi ya matse kalangu a hammata sautin ya tashi ya saki ya faɗo, ai ba ka tambayarsa kamar me wannan. Cikin na yanzu akwai Gerhard Richter na Jamus, a 2006 ya yi manyan zane guda shida yana sauraron kiɗan John Cage, har sunan Cage ɗin ya sa musu, kowanne wajen mita uku. Ba ma da burushi ya yi yawancin aikin ba, fenti yake laftawa ya kawo wani dogon faranti ya ja a kai ya kankare, na ƙasa ya leƙo, ya sake laftawa. Fatar albasa kuwa ƙanwarka ba ta yi ƙarya ba, duk wanda ya yi bayoloji a sakandare ya san haka take fitowa, ɗigon nan shi ne cibiyar ƙwayar halittar.

Mai_Shagon_Fenti:
Ni fa ku yi haƙuri. Shekara nawa ina rubuta allon shago da zanen bayan tifa, in na zana zaki kowa ya san zaki ne ba sai na tsaya ina bayani ba. Abin da sai an yi maka lacca kafin ka gane ai laccar ka saya ba zanen ba. Yarona ɗan shekara biyar in na bar shi da gwangwanin fenti zai yi irin na Bajamushen nan kafin la'asar.

Bazazzage77:
Maigida ka ba shi gwangwanin mu gani mana, taɓo zai haɗa maka, launi uku in suka cakuɗe ba lissafi ƙasa-ƙasa suke komawa kai ka fi ni sani. Amma na yarda akwai 'yan damfara a harkar sosai, masu watsa fenti su laƙa masa suna mai nauyi. Yadda nake gane su shi ne in ce su nuna min littafin da suke gwajin zane a ciki. A Zariyar nan aka yi marigayi Gani Odutokun da yake tsinka fenti ya zuba ya bar shi ya gangara, amma mutum ne da ya iya zanen hannu na gaske kafin ya kai can.

Ɗan_Damagaram:
Sannunku. Ni ba ɗan zane ba ne, aikin gona na karanta, amma akwai wanda ya sa na daina raina abin nan, Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin allo ne shi ya sa hannunsa ya saba da rubutun larabci tun yana yaro. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Yana da jerin zane a kan wata bishiya ta bakin Kogin Nilu da suke kira haraz, da na duba sai na ga ashe gawo ne! Gawon nan namu da ya cika gonaki daga Matamaye har Magarya. Kun dai san halinsa, damina kowa ya yi kore shi ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, rani kowa ya bushe shi kuma ya yi lif, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, ba ya tare masa rana ga takin ganye. To a yawancin zanen ba za ka ga reshe ko ganye ba, layuka ne a miƙe siri-siri an jera su da tawada, wani ma sai ka ce taswirar gini. Amma in ka san gawo ka kalla sai ka ji taurin kan nan nasa, tsayuwar wanda ba ya bin yayi. Halin bishiyar ya zana, ba hotonta ba, hoto ai wayar hannunka ma ta iya. Ina jin abin da ƙanwarka take nema ke nan da kalangun, ko ta samu ko ba ta samu ba sai mun gani.

Uwar_Biyu:
Ni abin da ya ba ni dariya, Baban da ya ce ina zanen ina da tabbacin yana da babbar riga mai aska takwas a akwati. Ya taɓa tambayar maɗinki ina askar take? Ko dagin da ke jikin soraye, ko zanen ƙwarya, ko lallen da muke yi wa amare, wanne ne ya yi kama da wani abu sak? Mu ne ma ya kamata mu fi kowa gane irin wannan. Kuma ni a ganina ya fi kwanciyar hankali, ka rataya a falo ba mai zuwa ya ce maka akwai hoton abu mai rai a ɗakin. Ka lallashe ta don Allah, ka kai mata tsire.

Ɗan_Tudun_Wada:
Na gode ƙwarai jama'a. Anti na kai tsiren, an shirya. Na tambaye ta littafin gwajin nan da Bazazzage ya faɗa, ta ɗauko, ashe har Baba ta zana a ciki yana gyangyaɗi a kujera da rediyo a cinya, kamar ya yi magana. Na nuna masa ya yi shiru, ya ce to wannan me ya hana ta yin sa babba. Shuɗin dai yana nan a jingine a zaure, ɗazu na tarar da shi a gabansa yana bin jan layin da yatsa, da ya gan ni sai ya ce wai ƙura yake sharewa. Mai_Shagon_Fenti in ka shigo Tudun Wada ka zo ka gani da idonka, ka taho da yaron naka.