Na ajiye sigari na koma na lantarki, sai ga hawan jini: ina mafita?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu da waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki.

Shekarata 38. Na yi shekara 11 ina shan sigari, kusan kwali guda a rana. Wata 14 ke nan da na ajiye shi na koma sigarin lantarki, irin wanda ake yi wa caji a zuba masa ruwa mai ƙamshi, kuma tun ranar ban sake kunna kara ko ɗaya ba. Tari ya tafi, warin baki da na tufafi ya tafi, mai ɗakina ta ji daɗi, ni ma na ɗauka na rabu da ƙaya. Makon jiya ciwon kai ya matsa min na je asibiti, aka auna jinina aka ga 148/94. Aka ce in zauna in huta, aka sake aunawa, 144/92. Likita ya tambaye ni ko ina shan taba, na ce masa a'a, don a raina ban ga na yi ƙarya ba. Ya ce in dawo bayan mako biyu, in bai sauka ba za a fara magani.

Hawan jini ne ya shanye wa mahaifina ɓarin jiki, shekara huɗu muna jinya kafin Allah ya karɓi abinsa. Shi ya sa lambobin nan suka hana ni barci. Shin tururin nan yana ɗaga jini? A jikin kwalbar ruwan an rubuta 5%. Duk zamanin da nake shan sigari ba a taɓa ce min jinina ya hau ba, har zuciyata ta fara raya min ko in koma gidan jiya.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba. Komawa sigari dai cire shi daga ranka tun yanzu, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

E, yana ɗagawa. Abin da ka bari hayaƙi ne, nikotin kuwa, sinadarin taba mai sa mutum ya kamu da ita, yana nan tare da kai, kuma shi ne ke taɓa jini. Da ka zuƙa, cikin daƙiƙoƙi ya isa ƙwaƙwalwa, jiki ya saki sinadarin adiranalin, wanda yake fitowa in mutum ya firgita. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya rasa faɗin hanya sai ya danna bangon jijiya da ƙarfi. Karan sigari ɗaya kan ɗaga lambar sama ta awon jini da kamar 5 zuwa 10, bugun zuciya ya ƙaru da 10 zuwa 20 a minti, sannan ya lafa cikin kamar rabin awa. Tururi mai nikotin ma haka yake yi, gwargwadon ƙarfin ruwan da yawan zuƙa.

Ga inda matsalar take. Kara yana ƙarewa, ka taka guntun ka koma aiki. Wannan na'ura ba ta ƙarewa, tana aljihu, tana kan tebur, tana gefen matashi. Faɗa min tsakani da Allah, sau nawa kake ɗaukarta a rana? Kuma da ka je asibiti, yaushe ne zuƙarka ta ƙarshe kafin a ɗaura maka abin awo?

Mai neman shawara:

Wallahi Yaya ba zan iya ƙirgawa ba. Ita nake fara ɗauka da na farka, ita ce ta ƙarshe in zan kwanta. Ranar asibiti ma a cikin mota na zuƙa kafin in shiga, bai fi minti goma ba aka kira ni.

Ma'aikaciyar jinyar:

To ka ga. Nikotin sai ya yi kusan awa 2 kafin rabinsa ya bar jini, kai kuma kana ƙara masa duk bayan 'yan mintuna, ke nan jijiyoyinka ba sa samun sararin saki sai kana barci. Awon da aka yi maka ranar ya haɗu da zuƙar cikin mota. Amma kada ka jingina da wannan ka ce ai lafiyarka ƙalau. Ƙodarka da ƙwaƙwalwarka ba ruwansu da dalilin da ya sa jinin ya hau. In yana sama tun safe har dare, suna shan matsin.

Ka nemi na'urar awo irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta tsintsiyar hannu ba. Kwana 7, safe da yamma. Minti 30 kafin awo ba zuƙa, ba kofi, ba motsa jiki. Ka yi fitsari tukuna, ka zauna minti 5 bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ka yi shiru. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, ka rubuta duka har da bugun zuciya. A asibiti 140/90 ne ma'aunin hawan jini, a gida kuwa 135/85, saboda mutum ya fi nutsuwa a ɗakinsa.

Sannan ka koma ka gaya wa likitanka gaskiya. Ban zarge ka ba, da yawa haka suke amsawa, mu ma da laifinmu da muke tsayawa a "kana shan taba?" Amma da amsar da ka ba shi zai yanke shawara a kan lafiyarka.

Wani matashi:

Ni dai ina ganin ana tsorata bawan Allah. Hukumar lafiya ta Ingila da kanta ta ce abin nan ya fi sigari sauƙin illa da kashi 95 cikin 100. Tururin ruwa ne kawai. Shekara uku ina sha ban ga komai ba.

Wani mai harhaɗa magunguna:

Ƙanena, maganar kashi 95 gaskiya an faɗe ta, a rahoton 2015 na hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila. Sai dai ƙiyasi ne na masana, kuma da sigari aka kwatanta, abin da ke kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kansa. Ba wanda ya ce nikotin ya daina ɗaga jini. Kuma ba tururin ruwa ba ne: gilisarin ne da wani sinadari mai kama da shi, da kayan ƙamshi, da nikotin, ake dafa su a kan waya mai zafi. Shi kuma hawan jini ai ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Je ka auna naka, don Allah.

Malam mai tambaya, bari mu yi lissafin 5% ɗin nan, don yawancin masu saye ganin ƙaramar lamba ke ruɗarsu. Ma'anarsa kusan miligiram 50 na nikotin a kowane mililita ɗaya. In tankin na'urarka yana cin mililita 2, akwai miligiram 100 a ciki. Karan sigari ɗaya, abin da ke shiga jinin mai sha bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ba duk abin da ke cikin ruwan ne ke isa jini ba, amma ka ga ba abin wasa kake riƙe da shi ba. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta hana sayar da wanda ya wuce miligiram 20 a mililita, wato 2%. Naka ya ninka wannan sau biyu da rabi. Dalilin da ya sa ba ka jin ƙarfinsa shi ne yawancin masu 5% gishirin nikotin ne, an haɗa shi da wani asid don kada ya yi kartar maƙogwaro. Sigarin lantarki mai suna Juul ne ya yayata wannan salo a Amurka daga 2015. Da can kaurin hayaƙi ne ke ce maka ya isa. Yanzu babu mai ce maka.

Game da cewa zamanin sigari jininka bai hau ba: sau nawa aka auna ka a lokacin? Kuma shekarunka sun ƙaru, ga gado. In ka koma sigari, nikotin ɗin nan dai za ka tarar, ka ƙara da kwalta da iskar kabon monoksaid mai hana jini ɗaukar iskar numfashi, da abubuwan da ke sa jini daskarewa a jijiya. Barin da ka yi babbar nasara ce, rabin tafiya ce kawai ta rage.

Wani da ya daina:

Ɗan'uwa, na bi wannan hanya, ga yadda ta kasance min. Na fara yankewa rana ɗaya, na jefar da na'urar. Kwana uku na yi kamar zan haukace, faɗa da kowa, ba barci, ba na iya karanta layi biyu in fahimta. Rana ta huɗu na sayo sabuwa. Karo na biyu sai na bi a hankali: daga 50 na sauko 20, na yi wata guda, sai 12, sai 6, sai 3. Kuskuren da na yi a farko, da na rage ƙarfin ruwan sai na ninka zuƙa, ashe ban rage komai ba. Abin da ya taimake ni shi ne na mayar da ita kamar sigari: ba ta shiga ɗakin kwana, ba ta zama a aljihu, sai na tashi na fita waje, minti biyar in dawo in kulle ta. Ƙishirwar tana zuwa kamar za ta kashe ka, amma in ka daure 'yan mintuna sai ta wuce. Wata bakwai na ɗauka. Wani abokina shi yankewa lokaci guda ta yi masa, kowa da irin jikinsa.

Mai harhaɗa magungunan:

Abin da ɗan'uwan nan ya faɗa ya yi daidai da wani bincike da aka wallafa a 2019, a kan mutum 886 a Ingila. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar taba, waɗanda aka ba filasta ko cingam na nikotin kuwa kusan kashi 10. Amma cikin waɗanda suka bari ta hanyar na'urar, kusan 8 cikin 10 suna nan suna zuƙarta. Tana raba mutum da taba, sai ita kuma ta maƙale masa.

Filastar nikotin tana sakin sinadarin ne a hankali ta fata, ba ta yin wannan tsallen na kowace zuƙa. Akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion, amma bupropion kan ɗaga jini ga wasu, saboda haka likita ne zai zaɓa maka, ba kai ba. Abu ɗaya kuma: ciwon kan nan, me kake sha masa? In ibuprofen ne ko diclofenac, ko maganin mura mai buɗe hanci, su ma suna ɗaga jini. Ka kai wa likita kwalayensu ya gani.

Wani dattijo:

Ɗana, shekara 16 ina shan maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ga ni ina ɗaukar jikokina. Na ji tsoron magani a cikin maganarka. In likita ya ce a fara, ka fara, kada ka ce sai ka gama yaƙi da na'urar tukuna. Allah ya yi maka albarka da ka ajiye taba, ya jiƙan mahaifinka.

Ma'aikaciyar jinyar:

Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya, ƙanena: in ka ga 180/120 ko sama, ka huta minti 5 ka sake, in yana nan, ranar za ka ga likita. In kuwa akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, dishi-dishin gani, karkacewar baki, ko hannu ya yi sanyi ya ƙi ɗaguwa, ba jira, a kai ka asibiti nan take.

Mai neman shawara, bayan kwana 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi awon kwana 7 yadda Yaya ta ce. Da safe kafin in taɓa na'urar, yawanci 136/86. Da yamma 147/93. Rana ɗaya na gwada da gangan: na auna, bugun zuciya 74, na zuƙa yadda na saba, bayan minti goma na sake, 152/95, bugu 91. Da idona na gani, jikina ya yi sanyi. Maganin ciwon kan ma ibuprofen ne, kusan kullum.

Na koma na gaya wa likita komai, na miƙa masa takardar da kwalbar. Bai yi faɗa ba. Ya ce ko awon safiya ya nuna akwai hawan jinin tun asali, nikotin ƙara masa yake yi. Ya canza min maganin ciwon kai, ya sa a duba ƙoda da sukari da kitsen jini, ya rubuta min filasta, ya kuma ba ni ƙwaya ɗaya ta hawan jini. Baba, na karɓa, yau kwana huɗu ina sha. Na'urar tana hannun mai ɗakina. Abin da ke damuna yanzu mafarkai ne barkatai da farkawa ƙarfe uku na dare.

Mai harhaɗa magungunan:

Madalla, Malam. Mafarkan nan sanannen abu ne ga mai kwana da filasta. Ka cire ta in za ka kwanta, ka manna sabuwa da safe a wani wurin daban na fata. In ƙishirwar safiya ta yi maka yawa, tambayi likitanka ya haɗa maka da cingam na nikotin. Makon farko ne mai wuya, yawanci daga mako biyu zuwa huɗu abin ke lafawa. Ka ci gaba da rubuta awon, ka tafi da takardar ranar komawa.