Gayya ko gidauniya? Neman sunan abin da za mu tara wa yaran tamowa

1/
Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan a taya ni. Ni ne magatakardan ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a ƙasar Ringim. Samarinmu da ke aiki a Dutse da Kano sun yi shawara a zauren WhatsApp cewa bana kada mu zauna marka ta riske mu, a tara abin da za a tallafi yaran da tamowa ke kamawa. Suka turo takarda, a samanta an rubuta fundraising. Aka ce in mayar da ita Hausa, a ba sankira, a kuma ba liman ya karanta bayan Juma'a. Duk takardar ta mayu, sai wannan kalma guda.

2/
Wanda bai zauna ƙauye ba zai ce ina ruwan yaro mai yunwa da kalma. To ku ji. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, uwa tana gona ko tana neman abin sa wa a tukunya, ga zazzaɓin sauro ga gudawa. A lokacin ne yaran da aka yaye kan zube. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a Jigawa yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Kano 57. Tsumburewa ke nan, ita a hankali take cin yaro. Tamowa mai tsanani kuwa ba ta jira. Akwai ɗan zaren awo da ake naɗa wa yaro a damtse, mai kore da rawaya da ja. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, maganar asibiti ce a ranar, ba gobe ba.

Matsalar ita ce a kai shi. Kuma abin da sankira zai faɗa a bakin kasuwa yana cikin abin da ke sa a kai shi ko a ɓoye shi a ɗaka.

3/
Na fara rubuta "tara kuɗi". Daidai ne, babu kuskure, amma babu gishiri. Marowaci ma tara kuɗi yake yi. Ban da haka, rabin mutanen garinmu ba kuɗi za su kawo ba. Wani kwanon gero ne, wata tiyar gyaɗa, wani waken suya, mai mashin kuma ya ce shi zai riƙa kai mata asibiti a kan kuɗin mai kawai. Duk waɗannan "tara kuɗi" ta kore su waje.

4/
Sai na sa "neman taimako". Na karanta wa yayana da daddare a ƙofar gida. Ya yi shiru, can ya ce, "Wato ƙoƙon bara za ka ɗora wa garin?" Na ce Yaya ba haka ba ne. Ya ce to ka je ka faɗa wa mutumin da ɗansa ke kwance cewa an yi shela ana nema masa taimako, ka ga ko matarsa za ta sake fita da yaron.

Gaskiyarsa. A wajenmu tamowa ba ciwo kaɗai ba ce, har da gori a cikinta. Ana ganin yaro ya rame, gashi ya yi ja ya kwanta, ƙafa ta kumbura, sai a fara ƙus-ƙus: maigidan ya kasa riƙe gida, ko uwar ta yi kwanika. Wani abin mamaki, sunan da likitoci ke kiran nau'in mai kumburin, kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Gana ya fito, kuma ma'anarsa ciwon da yaro ke yi idan an samu ƙaninsa an ture shi daga nono. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, ita ta shigar da sunan cikin rubutun likitanci a 1935. Ashe abin da tsofaffinmu ke faɗa game da kwanika, can ma sun gani. Sai dai mu mun mayar da shi abin zunɗe.

Don haka duk kalmar da za ta nuna gidan wane da yatsa, na yar da ita.

5/
Na gode da amsoshinku, sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawa kun ce gidauniya. Wani malamin makaranta daga Kazaure ya tuna mana asalinta: babbar ƙwarya ce, wadda ake ajiyewa a tsakiya. Shi ya sa "an ƙaddamar da gidauniya" ya zauna daram a bakin 'yan jarida. Allah ya gafarta Malam, na yarda kalmar tana da kyau. Amma gidauniya mazubi ce, ba aikin ba. Kuma yanzu an ɗora mata babbar riga. Ka ce gidauniya, mutum ya tuna Gidauniyar Dangote ko ta Bill Gates. Ko kuma ya tuna irin taron nan na rumfa da kujerun roba da babban mai ƙaddamarwa, a yi alkawarin miliyan a gaban lasifika, bayan wata shida ma'aji yana bin sawu da takalmi ɗaya. Idan sankira ya ce gidauniya, tsohuwar da ta auno rabin kwano za ta mayar da abinta, ta ce wannan na masu hula ne.

6/
Karo-karo ta zo ta biyu. Ina son ta. Amma karo-karo na waɗanda za su ci abin tare ne: mu goma mu haɗa mu sayi sa da Sallah, ko mu gyara famfon unguwa. Kowa ya sa, kowa ya ɗiba.

Adashi ba ya cikin lissafi, kwasa ake yi.

Wani ya ce ajo, har ya sa ni dariya ni kaɗai. Ajo sai da kiɗa da liƙi, kuma mai ajon yana zaune ana kallonsa. Liman ba zai karanta wannan ba ko da na roƙe shi.

Masu cewa a kira shi sadaka ko zakka kawai: zakka tana da nisabi da lokacinta, da mutum takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba ni da hurumin faɗaɗa sunanta. Sadaka kuwa niyyar mai bayarwa ce, tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da nake nema sunan shirin ne, kiran da zagayen da lissafin.

7/
Wata 'yarmu da ke karatu a Kano ta ce, "Kawu, a bar ta da Turancinta mana, ai ana cewa lancin kowa ya gane." Ba na gaba da aron kalma, asibiti da mota da likita duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Amma wannan tana zuwa da kayanta a ka. Turawa can sun daɗe da mayar da abin sana'a. Ƙungiyar agajin yara ta Save the Children tun 1919 take tara kuɗi don yaran da yaƙi ya bari da yunwa. A Yulin 1985 aka yi taron kiɗan Live Aid a Landan da Filadelfiya saboda yunwar Habasha, duniya ta kalla a talabijin. Yanzu kuma sai a buɗe shafi a GoFundMe, dandalin tara kuɗi ta intanet. An ceci rayuka da kuɗin, ba na musu. Amma tsarin ya ginu ne a kan mai bayarwa yana nesa, bai san yaron ba, sai an nuna masa hoton haƙarƙari kafin ya sa hannu a aljihu. Mu yaron ɗan maƙwabci ne. Ranar sunansa mun ci goro. Samarin nan har sun fara cewa a ɗauki hotuna a tura wa 'yan gari da ke Legas, na ce ba da ni ba.

8/
Amsar ba daga waya ta zo ba. Da safe na je gaida innata, ƙanwar mahaifiyarmu, wadda ta yi shekaru tana ungozoma. Ta ga ina ta latse-latse ta ce me ya hana ni sukuni. Na yi mata bayani. Ba ta ko ɗaga kai daga tsintar wake ba ta ce, "Yo ba gayya ba ce wannan?"

Na ce Inna, gayya ai ta gona ce.

Ta ce, "Da ciyawa ta ci gonar ubanka shekarar da ya kwanta, wa ya ce bara ya yi? Gayya aka kira, kowa ya zo da fartanyarsa."

Na zauna na juya maganar, ta ƙi faɗuwa. A gayya ba a raina mai gona, don kowa ya san wata shekarar tasa ce. Ba a tambayar nawa ka kawo, ƙarfinka ka kawo. Akwai mai kira, akwai rana, akwai aikin da za a gama a tashi. Kuma nauyin kalmar a kan waɗanda suka zo yake, ba a kan wanda aka zo dominsa ba. Abin da na kwana biyu ina nema ke nan.

9/
An kawo suka, kuma masu ma'ana ne. Wani ya ce gayya tana da wata fuska: "da gayya ya yi", "ramuwar gayya". Haka ne, amma Bahaushe bai taɓa rikita gayyar noma da wannan ba, abin da ke biye da kalmar ke raba su. Wani ya ce to sai mun shirya wa 'yan gayyar soɗi. Su wannan ko wane suna aka sa za su zo.

Wanda ya ba da shawarar "gayyar tamowa", Allah ya shirye ka. Gayyato ta za mu yi?

"Gayyar kuɗi" ta sake korar masu gero. "Gayyar agaji" ta fi dacewa da ambaliya ko gobara, irin abin da ke faɗowa dare ɗaya. Tamowa kuwa duk shekara muna ganin tahowarta tun daga nesa. Na tsaya a kan gayyar tallafi. Abin da aka tara, a kira shi gidauniya, a nan Malam na Kazaure ya ci gari. Idan ta intanet aka yi, gayyar tallafi ta intanet, ba sai an ƙirƙiro wata ba.

10/
Tunda wasu sun tambaya me za a yi da abin: ba maganin za mu saya ba. Maganin tamowa na leda, wanda ake kira Plumpy'Nut, a Faransa aka haɗa shi a 1996. Gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, leda guda giram 92, ba a dafawa ba a haɗawa da ruwa. A yunwar Nijar ta 2005 aka ga aikinsa sosai a yankin Maraɗi, don uwa na iya ba yaro a gida maimakon a kwantar da kowa. Katan guda leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke sha cikin mako shida zuwa takwas. A cibiyoyin da ake rabawa kyauta ne. Abin da ke kayar da iyaye shi ne zuwa duk mako: kuɗin mashin, da yinin da aka rasa, da wanda zai zauna da sauran yara. Sai uwa ta je sau biyu, ta ga ya ɗan murmure, ta daina. Nan kuɗin zai shiga. Idan kuma yaro ya ƙi cin ledar ko kumburi ya yi yawa aka ce sai an kwantar, gidauniya ta ɗauki abincin mai jinya.

Geron da waken suyan da gyaɗar kuma a soya a niƙa a yi garin kunu, na yaran da awonsu ke kan rawaya, da 'yan'uwan yaron da ke shan ledar. Wannan na biyun da dalili: idan gida babu abinci, ledar yaro ɗaya bakin yara huɗu take shiga, kuma ba na ganin laifin uwar. Amma a ji da kyau, kunun ba ya maye gurbin ledar ga yaron da ya faɗa ja.

11/
Ƙarin bayani, yau Alhamis. Na kai wa mai gari takardar, ya sa aka karanta masa sau biyu. Na ce ranka ya daɗe ko da gyara? Ya ce a cire sunayen unguwannin da na lissafa, kada a gane gidajen. Na cire.

Sankira kuwa bai karɓi takardar ba, ya ce in faɗa masa da baki. Da la'asar na jiyo shi ta wajen masallaci: "Ana gaishe ku! Mai gari ya ce a faɗa muku, ranar Asabar akwai gayya a ƙofar fada, gayyar yara! Mai kwano ya zo da kwano, mai kuɗi ya zo da kuɗi, mai mashin ya zo da mashin!"

Ya jefar da "tallafi" ɗina a hanya. A littafin ƙungiya dai gayyar tallafi na rubuta. Wanda ke da buhunan da ba ya amfani da su ya aiko da su gidan ma'aji kafin Asabar, guda huɗu kawai muke da su.