Jinjira ta maida mana dare rana, ku ba mu dabara

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗiyata ta shiga sati na uku, tun ranar suna rabona da barcin kirki. Da rana ko ganga aka buga ba ta motsi, amma ana gama isha'i ido ya buɗe ke nan har kiran assalatu. Ku da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Hajiya Zali: Barka da arziki, Allah ya raya. Haka suke, sai haƙuri ɗiyata.

Baban Sadik: Ni dai tabarma na ɗauka na koma falo, sai bayan arba'in aka sake ganina 😂

Maman Nana: Ka ji maza. Ko kunyar faɗi ba ka ji ba.

Baban Sadik: To Madam, nono gare ni?

Maman Nana: Kafaɗa gare ka. In ta gama shayarwa ka karɓe shi ka sa shi gyatsa, ka canza mishi kunzugu, ka zaga da shi tsakar gida, ita ta runtsa. Mai gidana daga isha'i zuwa sha biyu shi ke riƙo, ba a tashina sai in nono ake so.

Tanti Rabi: Maman Iman, lafiyarta lau. Jinjiri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma guntu-guntu, don cikinsa ƙarami ne, yana neman nono sau 8 zuwa 12. Bai san dare da rana ba tukuna, sai wajen wata 2 zuwa 3 abin ke fara daidaita. Da rana ki buɗe taga haske ya shigo, kar a hana yara hayaniya. Da dare ki rage fitila, ki ba ta nono shiru, ban da wasa, ban da hasken waya a fuskarta. Ki kwantar da ita rigingine cikin sange, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa. Ke kuma da ta yi barcin hantsi ki bar wankin nan ki kwanta.

Maman Iman: Tanti ina zan kwanta? 'Yan barka ba su ƙarewa. Jiya wasu daga Bukoki sun zo da hantsi, sai da suka yi la'asar.

Maman Nana: Ki sa inna ta zauna bakin ƙofa ta ce mai jego na wanka. Ba wanda ke musu da wanka.

Maman Abdul: Don Allah duk wanda ya ce a ba jinjira siro ta yi barci, ki rufe kunnenki. Lokacin Abdul yana wata biyu yana kukan ciki kowane magariba, ƙanwar mai gidana ta zo taya ni zama. Na shiga wanka, ashe ta sayo siron mura wajen masu tallar magani a tire, ta ɗura mishi rabin cokali. Na fito na tarar gida tsit, tana ta murna wai ta yi maganinsa. Lokacin shan nono ya yi, na ɗaga shi jiki sakaka, hannu na lilo, na sa mishi nono a baki ya kasa kamawa, leɓe ya bushe. Cikin dare muka nemi taksi daga Talaje, babu, wani maƙwabci ya kai mu bisa moto. Lokotoro ya karɓi kwalbar ya duba, faɗan da ya yi mana har masu jinya na leƙowa. Nan muka kwana ana duba numfashinsa. Har yau ba ta ga laifinta ba, wai duk 'ya'yan gidansu da shi suka tashi. Kukan kuma da kansa ya bari da ya kusa wata huɗu.

Tanti Rabi: Allah ya tsare gaba. Irin siron nan masu prometazin, sinadari mai sa barci, an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, suna iya danne numfashi. Zuma ma sai ya cika shekara.

Hajiya Zali: Ni ƙishirwa nake zargi. Wannan zafi na Yamai ya wuce 40, ga kuran na tafiya, a ce ko ɗigon ruwa kar a ba yaro? Mu da ruwa muka goye namu, ga su nan da gemu.

Tanti Rabi: Hajiya ki gafarce ni, nono zalla har wata 6. Ruwan da take bukata yana cikin nonon, uwar ce za ta yi ta sha. Amma in jikinta ya kai 38, ko ta ƙi nono, a ɗauki karnen lafiyarta a tafi likita ko tsakar dare ne.

Hajiya Zali: To. Ku ne masu boko. Amma da an kai ta Tawa wankan gida wajen uwarta, da duk wannan zance bai taso ba.

Maman Iman: Inna ta zo ai Hajiya, ita ce ma ta fi ni minshari 😅 Abin da ke damuna, konjen haihuwa sati 14 ne, 8 kawai ke bayan haihuwa. Yaya zan koma biro a haka?

Maman Nana: Doka ta ba ki awa ɗaya ta shayarwa kowace rana, ki tambaye ta tun ranar farko, in kin yi shiru ba mai tuna miki.

Baban Sadik: Tunda an ambaci kuran, fanka mai caji nawa take yanzu a Katako? Tawa batirin ya mutu.

Maman Abdul: Ka je Babbar Kasuwa, kuma ka sa a gwada maka a gabanka.

Maman Nana: In ka sayo, ɗakin mai jego za a kai ta, ba falo ba.