Masu cin cukun kotej, ya kuke cinsa, kuma me kuka gani a jikinku?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likitar da ke duba ni ta ce in ƙara furotin a karin kumallo, don kafin hantsi yunwa ta fara cina, sai in koma kan biskit da lemon kwalba. Cikin abin da ta lissafa har da cukun kotej, farin cukun nan mai gudaji-gudaji da ke zuwa a roba da ɗan ruwa-ruwa. Na saya na ɗanɗana. Ɗanɗanon ba laifi, gudajin ne suka ƙi wuce min. Waɗanda suka saba, don Allah ya kuke yi da shi? Kuma da gaske yana riƙe ciki, ko zuzutawa ce ta masu talla?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam Hajiya. Riƙe ciki kam yana yi, wannan ni shaida ne. Ina ɗaga ƙarfe da yamma, kuma a da yunwa ce ke tada ni tsakar dare. Yanzu rabin kofi nake ci bayan isha, da yankakken tumatir da masoro, sai asuba. Dalilin yana cikin irin furotin ɗin. Mafi yawansa kesin ne, wanda ke dunƙulewa a ciki ya narke sannu a hankali. A giram 100 akwai furotin kamar giram 11, kalori kuma bai cika kai 100 ba ko a mai cikakken maiƙo. Ƙwai guda yana da giram 6, kin ga rabin kofi ya tsaya a madadin ƙwai biyu. Akwai bitamin B12 da fosforos da seleniyam a ciki. Ni dai mai maiƙo kashi 4 cikin 100 nake saya. Wanda aka cire wa maiƙon gaba ɗaya salam yake, kuma bambancin kalorin bai taka kara ya karya ba.

Anti Rabi:
Ƙanwata, ki daina faɗa da gudaji, ki zuba shi a bilenda. Minti ɗaya ya isa. Zai koma sumul, ya fi yogot kauri, har cokali ya tsaya a ciki. Daga nan duk inda kika so ki kai shi. In zaƙi nake so, sai in markaɗa da ayaba nunanniya da ɗan zuma da kirfa. In gishiri-gishiri nake so, in sa tafarnuwa da ruwan lemon tsami da man zaitun, in shafa a gasasshen burodi, in jera kokwamba a kai. Yarana da ke yamutsa fuska in sun ga robar, su ne ke lashe kwano in na markaɗa, ba su ma san shi ba ne.

Abin da na fi so dai shi ne a ƙwai. Ki fasa biyu, ki sa cokali biyu manya na cukun, ki kaɗa, ki soya a wuta kaɗan kina juyawa. Ƙwan yana fitowa da laushi. Amma in kika cika wuta zai saki ruwa a kaskon, ki ga ƙwai na iyo. Ba cukun narkewa ba ne, kada ki sa ran zai ja zare.

Maman Biyu:
Anti Allah ya saka da alheri, bilendar nan ta yi. Na gwada da ayaba, ya wuce lafiya lau.

Malam Sabo:
Ni zan kawo abin da ba a faɗa ba tukuna, wato gishiri. Ina da hawan jini, ina awo a gida kowace safiya. Da na fara cin cukun nan safe da dare sai na ga awon yana ɗan ɗagawa, alhali ban canza magani ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta ce in kawo mata robar. Ta juya bayanta ta nuna min layin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri: rabin kofi ya kusa miligiram 400. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 a yini, kamar giram 5 na gishiri ke nan. To mai cin kofi guda ya kusa cinye rabin kasonsa kafin ya taɓa sauran abinci. Abin da ke ruɗar mutum shi ne baki ba ya jin gishirin sosai, tsami da sanyi sun rufe shi.

Ba zan ce cukun kaɗai ya jawo ba, amma da na koma wanda aka rubuta ba a sa masa gishiri ba, awon ya daidaita. In ban samu irinsa ba, ina juye na yau da kullum a rariya in sakar masa ruwan sanyi. Gishirin yana raguwa, sai dai kirim ɗin ma yana tafiya, ya bar gudaji tsura. Masu ciwon ƙoda kuma su tambayi likitansu kafin su fara, saboda fosforos da gishirin duka.

Abu Hanif:
Gaskiya ne Malam. Mu masu zubar da gumi ba mu cika duba wannan layin ba, furotin kawai ido ke nema.

Ummu Salma:
Ni saboda ƙashi na fara, don ance cuku akwai kalsiyam. Daga baya na gane wannan bai kai sauran ba, kuma da na fara yin nawa a gida na ga dalili da idona. Ina ɗora madara lita ɗaya har ta yi zafi tana tururi amma ba ta tafasa ba, in sauke, in zuba ruwan khal ko na lemon tsami kamar cokali uku, in juya sau ɗaya in rufe. Bayan kamar rabin awa za ki ga ta rabu biyu, fararen gudaji a gefe, ga wani ruwa mai rawaya-rawaya. Sai in tace a farin ƙyalle mai tsabta, in ɗauraye da ruwan sanyi, in zuba ɗan kirim ko madara. Tsamin da ya tsinka madarar shi ke jan kalsiyam mai yawa zuwa cikin wancan ruwan da ake zubarwa. Shi ya sa giram 100 na kotej bai cika wuce wajen miligiram 100 na kalsiyam ba, cheda kuwa, wani cuku mai tauri, yana kai wajen 700. Don haka mai neman kalsiyam kada ta bar madara da yogot ta dogara da shi.

Na gida yana da daɗin cewa gishirin a hannunki yake. Illarsa ba ya auki, lita guda ba ta cika kofi. Ruwan kuma ban zubar da shi yanzu, da shi nake kwaɓa fulawar burodi.

Yaya Bilki:
Ina cikin waɗanda madara ke kumbura wa ciki. Cuku mai tauri da ya daɗe ba ya min komai, wannan kuwa yana yi, domin sabo ne bai daɗe ba, laktos ɗinsa, wato sukarin madara, bai ƙare ba. Cokali uku ina ɗauka lafiya, in na kai kofi sai ciki ya fara ƙugi. Akwai wanda aka cire wa laktos, shi nake nema. Kuma masu cewa yana gyara hanji kamar yogot, ba kowanne ba. Sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana da ƙwayoyin halitta masu rai.

Ɗan Auta:
Kada wanda ya haɗa shi da ɗanyen abarba ya ajiye don gobe. Na yi wa kaina guzurin ofis da daddare, da rana na buɗe na tarar ya yi ɗaci. Abarba tana da wani sinadari da ke farfasa furotin ɗin madara. In za a ci nan take ba matsala, ta gwangwani ma ba ta yin haka.

Maman Iman:
Ina da juna biyu, na tambaya a wajen awo, aka ce in ci matuƙar da dafaffiyar madara aka yi shi, wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, kuma in ajiye a firiji. Tambayata ga Anti Rabi, in an buɗe roba kwana nawa take yi?

Anti Rabi:
'Yata, kada ya wuce mako, ke da ke da ciki ma ki cinye kafin nan. Cokali mai tsabta kowane lokaci, ki rufe ki mayar firiji nan da nan. Ɗan ruwan da ke taruwa a sama ba lalacewa ba ce, juyawa za ki yi. In kuwa ya yi yauƙi, ko tsamin ya yi kaifi, ko kin ga launi ya canza, ki zubar da robar duka, kada ki ce za ki kwashe sama ki ci ƙasa.